Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kula Da Kwangilolin Gwamnatin Tarayya

Zuwa ga Dokta Adebowale Adedokun,
Babban Daraktan Hukumar BPP,
Titin Suleiman Barau, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai ƙididdigar kayan gini ne. Aikina shi ne lissafa bulo da siminti da rodi da ladan ma'aikata kafin a sa wa gini farashi, kuma da wannan sana'a nake ci da iyalina a nan Abuja tun kafin a kafa hukumar da kake shugabanta. Na zaɓi in rubuto maka a fili, da Hausa kuma, saboda zancen ya wuce tsakanina da kai. Akwai mutanen da ake gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da sunansu a Kwali da Abaji da Kuje, su ne kuma na ƙarshen jin nawa aka ware, wa aka bai wa, yaushe zai gama.

Maganata guda ce. Idon hukumarka ya fi kaifi a tsakiyar kwangila, daga ranar da aka yi talla zuwa ranar da kuka ba da takardar sahalewa. Amma ɓarnar da ta fi cin ƙasar nan tun kafin talla ake ƙulla ta, bayan an sa hannu kuma ake cin ta a tsanake. Fayil yana iya zuwa teburinka tsaf, babu takardar da ta ɓace, babu sa hannun da ya rage, alhali an gama raba kuɗin tun a kasafi, kuma ginin da za a yi ba zai ga damina biyar ba. Roƙona shi ne hukumarka ta bi kwangila daga mafarinta har ƙarshenta, ta kuma buɗe wa jama'a su bi ta tare da ita.

Ba na cikin masu cewa dokarmu ba ta da kyau. Na san inda aka fito. Binciken da Bankin Duniya ya yi tare da gwamnati a tsakanin 1999 da 2000 ya nuna cewa a kowace naira ɗaya da gwamnati ta kashe wajen saye, kusan kobo 60 na zurarewa ta bayan fage. Wannan ne ya sa gwamnatin Obasanjo ta buɗe ofishin bin ƙa'ida a fadar Shugaban Ƙasa a 2001, wanda Oby Ezekwesili ta riƙe har aka yi mata laƙabi da shi. Sannan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa Dokar Sayen Kayan Gwamnati hannu ranar 4 ga Yuni, 2007, bai cika mako guda da rantsuwa ba. Wanda ya yi aiki kafin wannan rana ya san bambancin. Dokar ta ce gasa a fili ita ce asali. Ta ce kada a ba da kwangila sai an tabbatar akwai kuɗinta a kasafi. Ta ce a buɗe tayin 'yan kwangila a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika, a karanta sunan kowa da farashinsa da ƙarfi. Ta ɗora alhaki a wuyan babban sakatare shi da kansa. Ta ba wanda aka zalunta kwana 15 na aiki ya kai kuka ga ma'aikatar da ta ba da kwangilar, in bai gamsu ba ya zo gare ku, in bai gamsu ba ya nufi Babbar Kotun Tarayya. Duk wannan alheri ne, kuma ba a samu shi a banza ba.

Sai dai tun sashen farko aka fara yi wa dokar riƙon sakainar kashi. Sashe na 1 ya kafa Majalisar Ƙasa ta Sayen Kayan Gwamnati: Ministan Kuɗi ne shugaba, ga Antoni Janar, ga Sakataren Gwamnatin Tarayya, ga Shugaban Ma'aikata, ga mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tattalin arziki, sannan kujeru shida na mutanen waje, wato lauyoyi da injiniyoyi da 'yan kasuwa da ƙwararrun harkar saye da ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida. Ita ce aka ba hurumin amincewa da manufofi da iyakar kuɗin da kowane mataki zai iya sahalewa. Aka shafe fiye da shekara goma, gwamnati ta tafi wata ta zo, ba a zaunar da ita ba, Majalisar Zartarwa kuwa ta ci gaba da sanar da kwangiloli bayan kowane zamanta. Na san kafa ta ba a hannunka yake ba. Amma doka ta sa Babban Daraktan BPP ne sakatarenta, don haka kai ne ka fi kowa cancantar ka riƙa tunatar da na sama cewa majalisar nan ta zauna a kai a kai, kujeru shidan nan a ba mutanen da ƙungiyoyinsu suka zaɓa da kansu, abin da aka yanke kuma a buga kowa ya karanta. Hukumar da ke cewa ma'aikatu su bi doka ƙarfinta yana raguwa idan an ga ita kanta ba a cika mata tata dokar ba.

To, mu koma mafari. Sashe na 18 ya ce kafin a sayi komai sai an tantance buƙata. A aikace, ayyuka da yawa ba daga buƙata suke tasowa ba, daga cushe suke tasowa. Kowa ya san naira biliyan 100 da aka riƙa warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu, kuma a watan Nuwamba na 2019, a taron hukumar ICPC, Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe kimanin naira tiriliyan 1 a shekara goma a kan waɗannan ayyuka ba tare da talaka ya ga tasirinsu ba. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin kasafi ya ga yadda ake yi. Kwalejin koyon aikin gona ce za a ba ta kafa fitilun titi a wata jihar da ke da nisan ɗaruruwan kilomita da ita. Cibiyar bincike ce za a ba ta raba babura da kekunan ɗinki. Ba ta da injiniyan lantarki, ba ta da motar zuwa duba aiki, ba ta san ƙauyen ba. An zaɓe ta ne daidai saboda haka, da kuma saboda shugabanta ba zai iya yi wa mai cushen musu ba. In irin wannan fayil ya iso gare ku da talla da tayi uku da rahoton tantancewa, a takarda ya cika. Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: me ya haɗa wannan hukuma da wannan aiki, kuma wa ya ce mutanen wurin fitila suke buƙata ba ruwa ba? Ina ganin tsarin sayayya na shekara da kowace ma'aikata ke turo muku shi ne wurin tare wannan, tun kafin a kai ga talla.

Sai ɗinka sharuɗɗa daidai jikin mutum ɗaya. Wannan mu da ke cikin harkar mun fi kowa saninsa. A rubuta cewa sai kamfanin da ya taɓa yin aiki iri kaza a wuri kaza, ko injin da za a kawo sai mai siffa kaza wadda dillali ɗaya ne tak ke shigo da ita. Ko a yi talla, ka je karɓar takardun, a ce jami'in ya fita, gobe a ce ba a gama bugawa ba, har wa'adi ya kusa. Ƙaramin ɗan kwangila ya riga ya sha wahalar haɗa takardar rajistar kamfani da ta biyan haraji ta shekara uku da ta hukumar fansho (PenCom) da ta asusun horar da ma'aikata (ITF) da ta asusun inshorar ma'aikata (NSITF) da taku ta BPP, kowacce da kuɗinta da layinta, sannan ya gane cewa tun farko ba da shi ake yi ba.

Na taɓa zama a ɗakin taron wata ma'aikata ranar buɗe akwatin tayin 'yan kwangila, aikin gina azuzuwa. An yi komai bisa tsari. Aka kawo akwatin a kulle, aka nuna mana makullin, aka karanta sunaye da farashi, kowa ya sa hannu a rajista. Da aka baza takardun lissafin kayan aiki a tebur sai na ga kamfanoni uku sun yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya: a wajen rufin kwano, duk ukun sun ninka faɗi da farashi sun samu adadin da bai yi daidai ba, kuma adadin nasu ɗaya ne. Takardun lamunin bankinsu daga reshe ɗaya suka fito, lambobinsu na bin juna. Wakilansu uku kuma da aka tashi mota ɗaya suka shiga. Mutum ɗaya ne ya shiga gasa da kansa, ya kuma ci. Sashe na 58 ya kira wannan laifi da sunansa, amma babu wanda ya ɗaga kai, domin aikin kwamitin a ranar shi ne ya ƙirga tayi, kuma tayi uku sun cika. Ranka ya daɗe, yanzu akwai maganin wannan a hannu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana ainihin masu kamfani, kuma hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistarsu a 2023. Idan aka haɗa wannan rajista da rumbun 'yan kwangilar da ke wurinku, kwamfuta ce za ta nuna cewa kamfanoni ukun nan darakta ɗaya gare su ko adireshi ɗaya, tun kafin a kai ga buɗe akwati.

Akwai kuma ƙofofin da doka ta bari don lalura, waɗanda suka zama hanyar yau da kullum. Dokar ta yarda a gayyaci kamfanoni ƙalilan, ko a ba kamfani ɗaya kai tsaye, ko a yi sayen gaggawa, amma kowanne da sharaɗinsa. Hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai kimanin kilomita 700, da aka fara a 2024, ba ta bi ta buɗaɗɗiyar gasa ba, kuma Ministan Ayyuka David Umahi ya kare hakan da ƙwarewar kamfanin da aka bai wa. Ba ina musun ƙwarewar kowa ba ne. Abin da nake cewa shi ne aiki mai girman haka, in an tsallake gasa, haƙƙin jama'a ne su ga dalilin a rubuce, da lissafin kowace kilomita, da hujjar da ta sa hukumarka ta gamsu. Haka nan sashe na 15 ya ware kayan tsaro daga dokar. Babu mai hankalin da zai ce a buga irin makaman da sojoji suka saya a jarida. Amma a ƙarƙashin wannan inuwa ne aka samu zargin badaƙalar makamai ta dala biliyan 2.1, a lokacin da 'yan'uwanmu a Borno da Yobe da Adamawa ke barin gidajensu. A nan Abuja ma, kwangilar kyamarorin tsaro da hanyoyin sadarwa ta dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Sin. Duk mai bin manyan titunan birnin nan ya ga sandunan da faifan hasken ranarsu a tsaye, bashin kuma yana wuyan ƙasa. Harsashi sirri ne, na yarda. Shinkafar barikin soja da katifa da ginin gidaje da motar ofis ba sirri ba ne, kuma ya kamata a fitar da ƙa'idar da ta raba wannan da wancan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato bayan an sa hannu. Duk wanda ke da dangi a Arewa ya san hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai kilomita 375. An ba Julius Berger ita a Disamban 2017 a kan kimanin naira biliyan 155, za a gama cikin wata 36. A 2021 Majalisar Zartarwa ta mayar da kuɗin naira biliyan 797, bisa hujjar cewa an sauya aikin daga gyara zuwa sake gini ɗungurungum. A ƙarshen 2024 kuma aka soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ba a gama ba. Ni mai lissafi ne, na san sake gini ya fi gyara tsada nesa ba kusa ba. Amma idan aiki ya ninka sau biyar, ai ya zama wani aikin dabam, gasar da aka yi da farko ba ta shafe shi ba. Kuma tambayar da ke bakin kowane direban da ya kwana a wannan hanya ita ce, wa ya auna ta tun farko ya ce gyara ya isa? A tsakiyar birnin nan ga hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa da aka ba da kwangilarta tun 2006, yaran da aka haifa a shekarar sun shiga jami'a ba su taɓa karatu a cikinta ba. Hanyar Apo zuwa Karshi tun 2011 aka ba da ita, mutanen Karshi da Orozo da Nyanya suka yi ta jira shekara da shekaru cikin cunkoso. A shekarar 2011 ɗin ne kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba, ya ce ana buƙatar naira tiriliyan 7.78 a ƙarasa su. Galibinsu sun bi ta ofisoshi, an buga musu hatimi. Hatimin bai hana su tsayawa ba.

A ƙananan ayyuka abin ya fi muni, domin babu jaridar da za ta bi su. Wanda ya ci kwangila sau da yawa bai taɓa riƙe cokalin magini ba. Takardar yake sayarwa a wurin ajiye motoci, ya cire kasonsa, wanda ya saya ya sake sayarwa, kafin ta kai hannun mai yin aikin kuɗin ya zaizaye. Shi kuma a ina zai fanshe? A cikin kankare. An taɓa kai ni duba wani ɗakin shan magani a wani ƙauye da ke bayan Gwagwalada. A takarda rodin ginshiƙi mai milimita 16 ne, da na sa ma'auni a wanda ya leƙo ta saman lintel sai na ga 12. Bulon kuwa na murza gefensa da ɗan yatsa yana zubowa. Mai buga shi, wani dattijo da ke zaune a gindin ɗorawa, bai ɓoye mini ba: buhun simintin da ya saba fitar da bulo talatin da 'yan kai da shi, an ce ya fitar da kusan sittin ko a kawo wani. Ungozomar da za ta yi aiki a wurin tana tsaye tana jinmu, ta ce ita dai tsoronta ɗakin haihuwa. Wannan gini an riga an rubuta masa takardar shaidar kammalawa, an biya. Wani injiniya ne ya sa hannu, kuma har yau babu wanda ya san sunansa a ƙauyen.

Ba zan ɗora wa 'yan kwangila laifin duka ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sashe na 37 ya ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya ya zama jinkirtacce, kuma sai an biya shi da ƙari. Na san mutanen kirki da suka gama aiki da kuɗin banki suka shekara suna zarya a Sakatariyar Tarayya. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da rance. Siminti ya yi tsalle a farkon shekarar har buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. A 2025 mun ga 'yan kwangilar cikin gida sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙin ayyukan da suka gama. Mutumin da ya san ba za a biya shi a kan lokaci ba abu uku zai yi: ya cusa jinkirin a cikin farashi, ko ya rage ingancin aiki, ko ya nemi wanda zai tura masa fayil a ba shi na goro. Duk ukun gwamnati ce ke asara. Gyaran da Dokar Kuɗi ta 2020 ta yi, wanda ya ɗaga kuɗin kafin alƙalami daga kashi 15 zuwa 30 ga kamfanonin gida, ya taimaki mai gaskiya, amma ya ƙara wa mai niyyar gudu abin da zai gudu da shi idan ba a binsa. Da za a jera masu jiran biya bisa ranar da suka miƙa takarda, a buga jerin kowa ya ga layinsa, da kasuwar tura fayil ta mutu.

Abin da nake roƙo ba sabuwar doka yake buƙata ba. Sashe na 16 ya riga ya ce duk takardun saye da ba na sirri ba ne jama'a na da damar dubawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta ba da amsa. Najeriya ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe a 2016, hukumarka ta buɗe shafin bayyana kwangiloli na NOCOPO, a Disamban 2019 kuma aka buɗe shafin baitulmali da ke nuna biyan da ya kai naira miliyan 5 a ma'aikatu. Kayan aikin suna nan, sai dai kowanne yana zaman kansa. Ka ga an biya kamfani a shafin baitulmali da bayani rabin layi, ka je NOCOPO ka tarar ma'aikatar ba ta saka komai ba, ko ta saka suna babu adadi. A ba kowace kwangila lamba ɗaya da za ta bi ta daga layin kasafi zuwa talla, zuwa sunayen waɗanda suka nema da farashinsu, zuwa wanda ya ci, zuwa duk wani ƙarin kuɗi da dalilinsa, zuwa kowane biya, zuwa hoton aiki da sunan wanda ya shaida an gama. Sannan ku zauna da Akanta Janar a ɗaure abin da kuɗi: kwangilar da ba ta bayyana a shafin ba, manhajar GIFMIS da gwamnati ke biyan kuɗi ta cikinta ta ƙi sakin kuɗinta. Takardar gargaɗi ba ta tsorata babban sakatare, amma kuɗin da ya maƙale zai sa ya nemi jami'in saye da kansa. Ukraniya ta yi irin wannan da tsarin ProZorro tun 2016, a lokacin da take fama da yaƙi a gabashinta da cin hanci mai tsanani, inda bayan an gama gasa kowa ke iya ganin takardun kowa. Ruwanda ta fara nata mai suna Umucyo a shekarar. Ko a gida, jihar Kaduna ta gwada buga kwangilolinta da bai wa jama'a hanyar kai rahoton ayyuka ta waya.

Amma intanet kaɗai ba zai kai ga ungozomar can ba. Allon da ake kafawa a bakin aiki yanzu sunan ma'aikata ne da na ɗan kwangila da na ɗan majalisar da ya kawo, da Turanci. A wajabta a ƙara adadin kuɗi, da abin da za a yi dalla-dalla, azuzuwa nawa, kujeru nawa, rijiyar burtsatse mai zurfin mita nawa, da ranar gamawa, da lambar wayar kai ƙorafi, da harshen da mutanen wurin ke ji, Hausa ne ko Gbagyi ko Fulatanci. A ba mai unguwa da shugaban makaranta da kwamitin lafiya na gunduma kwafin jerin kayan aikin. A karanta jerin ayyukan kowace ƙaramar hukuma a rediyo, domin mutanenmu masu sauraro ne. Masu bin diddigin ayyukan gwamnati irin su Tracka da Budeshi da Follow The Money sun nuna cewa da zarar mutanen gari sun san an ware musu kuɗi, ɗan kwangilar da ya ɓace yakan dawo. Hukumarka ba ta da ma'aikatan da za su zagaye ƙananan hukumomi 774, amma a kowane ƙauye akwai magini da kafinta da malamin makaranta da suka san bulo mai kyau in sun gani.

Sai hukunci. Sashe na 58 bai yi sassauci ba: ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba babu zaɓin tara, kora daga aiki ga jami'i, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin. Bankin Duniya yana buga sunayen kamfanonin da ya dakatar a shafinsa, har da na Najeriya, kowa na iya dubawa. Mu ma muna son ganin namu jerin a wuri ɗaya, ana sabunta shi, tare da sunayen daraktoci, domin kada mutum ya rufe wannan kamfani da safe ya buɗe wani da yamma. Doka ta kuma ce ku riƙa binciken sayayyar ma'aikatu kuna miƙa wa Majalisar Tarayya rahoto sau biyu a shekara. A buga waɗannan rahotanni. Kuma don Allah a kula da ƙananan jami'an saye. Na ga masu gaskiya a cikinsu, waɗanda suka ƙi sa hannu a kan daddatsa kwangila ɗaya gida biyar don kada ta kai teburinku, sakamakonsu shi ne sauyin wurin aiki cikin mako guda. Tsarin fallasa masu satar kuɗin gwamnati na Disamban 2016 ya yi alƙawarin lada, amma abin da jami'i ke buƙata kafin lada shi ne tabbacin cewa ba zai rasa kujerarsa ba. Kada a ɗauke jami'in saye daga ma'aikata sai da sanin hukumarka da dalili a rubuce.

Na ga an ɗaga iyakar sahalewa a 2025, ta yadda sai kayan da suka kai naira biliyan 5 ko aikin gini na biliyan 10 ne za su je Majalisar Zartarwa. Da faɗuwar darajar naira hakan yana da hujja, zai kuma rage jinkiri. Sai dai ma'anarsa ita ce kuɗi masu yawa yanzu a ɗakunan taron ma'aikatu za a yanke su, inda idon waje ya fi ƙaranci. Sashe na 19 ya ce kowace ma'aikata ta gayyaci 'yan sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar yaƙi da cin hanci. Yawanci wasiƙar gayyata takan iso ana gobe, wani lokaci bayan an gama, kuma ɗan sa idon buɗe akwati kawai yake gani, ba a bari ya ga tantancewa. A sa wa'adin gayyata, a ba ɗan sa ido damar aiko muku da rahotonsa kai tsaye, a kuma bar shi ya je wurin aiki ranar da za a karɓa. Idan kana neman inda za a fara, ga Babban Birnin Tarayya a ƙofar ofishinka: azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin tarayya da ke Bwari da Kuje da Kwali da Abaji da Gwagwalada duk tafiyar yini ɗaya ce. Mu masu ƙididdiga da injiniyoyi da magina da ke zaune a birnin nan akwai da yawa cikinmu da za su ɗauki ma'auni su je ba tare da an biya su ba, in dai an ba su jerin ayyukan da takardun lissafinsu.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke wannan nauyi.

Naka,
Wani mai ƙididdigar kayan gini,
Kubwa, Abuja.